Rasuwar Kaset ɗin Taɓarya da Turmi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Malam Muntaka, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ta Jidda, a madadin kansa da mai ɗakinsa Hajiya Indo, yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan zaman majalisa rasuwar kaset ɗinsa na bidiyo, wanda gidan ya sani da Taɓarya da Turmi. Marigayin ya cika a tsakiyar bazarar nan, a gaban motar wani, shi kaɗai, ba wanda ya san ranar. Ya yi shekara talatin da 'yan kai a hannun mai shi, ban da abin da ya yi a hannun mutanen farko.

Malam Muntaka ya so a buɗe sanarwar nan da kalmar da ake buɗe sanarwar mutuwa da ita. Hajiya Indo ta hana, ta ce ba a yi wa roba istirja'i. Ya bi maganarta a rubuce, amma yana so a sani cewa zuciyarsa ba ta bi ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙin kaset ne irin na da, wanda ake tura wa injin bidiyo a baki ya haɗiye. An same shi a kasuwar Bab Makka, cikin kwalin tsofaffin kaya, tsakanin wata fitila marar gilashi da takalmi wari ɗaya. Takardar da aka manna masa a goshi ta riga ta ɓare, shi ya sa har ya bar duniya gidan bai san sunansa na yanka ba. A cikinsa akwai fim ɗin yaƙi na Turawa, baƙi da fari, labarin wasu sojoji biyu da aka kai bakin daga alhali ko maɓallin rigarsu ba su iya sawa daidai ba. Ɗaya dogo ne siriri, kofur mai igiya biyu, kullum fuska a murtuke. Ɗayan kurtu ne, gajere mai tumbi, hular kwanonsa ta fi kansa girma. Hajiya Indo, tana amarya a lokacin, ta leƙo daga kicin ta ga dogon yana ƙwanƙwasa wa gajeren ludayi a ka, ta ce ai waɗannan taɓarya da turmi ne. Sunan ya zauna.

Ya zauna har ya tsallaka kan mutane. Ranar da aka sayo kaset ɗin, Malam Muntaka yana tare da Malam Abduljalil, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda kakanninsu suka sauka tashar nan a hanyar hajji ba su koma ba. Malam Abduljalil dogo ne. Malam Muntaka kuwa ba ya musun cewa Allah ya yi shi kusa da ƙasa. Kafin wata ya mutu duk ma'aikatan sito sun koma kiransu Kofur da Kurtu, su ma suka karɓa, har ya zama in ɗayansu ya ji an kira ɗayan da sunansa na gaskiya sai ya waiga ya ga wa ake nufi.

Marigayin ya yi halaye da za a daɗe ana tunawa. Mai haƙuri ne, ba ya gajiya da maimaici. Kowace Juma'a bayan la'asar Malam Abduljalil zai hawo matakala da gurasar tamis mai zafi a takarda, Hajiya Indo ta kawo shayi da na'ana'a, a tura marigayin cikin inji. Sai ya yi gyaran muryar nan tasa, ƙarrr, cak. Sannan ƙahon sojoji ya tashi, taraa-taraa-taa, da 'yar rawar murya a ƙarshe kamar mai busar ya tuna wani abin baƙin ciki. Daga nan ba ya ƙarawa, ba ya ragewa. Turmi zai sara wa babban hafsa da guga maƙale a ƙafa. Taɓarya zai saɓo tsani a kafaɗa, a kira shi ta hagu ya juya ya kwashe rabin sahu, a kira shi ta dama ya kwashe ragowar. Za a sa su feraye dankali, gurneti ya shiga cikin buhu, Turmi ya yi ta fama da shi da wuƙa, ya gaji ya jefa shi tukunya haka nan. Fiiiit, gwaram. Miya har kan tutar bataliya. Marigayin bai taɓa makara da wannan gwaram ɗin ba, kuma ba a taɓa yin Juma'ar da Malam Muntaka bai share hawaye da hannun riga ba.

Mai sauƙin kai ne, ba ya dagewa a kan harshensa. Babu fassara a jikinsa, kuma cikin abokan biyu babu mai jin Turanci in ban da abin da ake rubutawa a jikin kwantena. Sai suka rage masa murya suka ara wa sojojin nasu bakin. Malam Abduljalil shi ne Taɓarya, Malam Muntaka shi ne Turmi, Hausa da Larabci a gauraye yadda ake yi a gida. Dogon zai buɗe baki a allo, sai a ji daga kan tabarma: "Kurtu, ina bindigarka?" Gajeren ya sosa ƙeya: "Ranka ya daɗe, na ba kuku aro, yana tuƙa tuwo." Da tafiya ta yi nisa maganganun suka daskare, kowanne da gurbinsa, har Hajiya Indo tana iya gane inda fim ya kai daga bakin murhu ba tare da ta leƙo ba.

Mai rufin asiri ne kuma. A gabansa aka yi maganganun da ba a yi a gaban kowa ba: lokacin da aka rage ma'aikata a tasha, lokacin da iƙamar Malam Abduljalil, takardar izinin zamansa, ta maƙale a hannun kafili, mai tsaya masa a ƙasar, lokacin da Allah ya karɓi 'yar farin Malam Muntaka. Sai a bar sojojin suna ta faɗuwa da tashi a allo, maza biyu suna magana ƙasa-ƙasa, in hawaye ya zubo a ce na dariya ne. Shekarar da aka tashi tsohuwar unguwa kowa ya nemi inda zai koma, firiji da katifu suka hau motar kaya, amma marigayin a kan cinyar mai shi ya yi tafiyar, naɗe cikin tawul.

Gaskiya ta sa a faɗi cewa an haife shi da naƙasa ɗaya. Wanda ya fara naɗar fim ɗin zare ya ƙare masa kafin labari ya ƙare. A wurin da ya tsaya, Turmi ya ɓuya cikin ganga, gangar ta kuɓuce tana gangarawa daga kan tudu ta nufi sansanin abokan gaba, Taɓarya yana tsaye a sama da igiya a hannu, yana duban gangar yana duban hanyar gida. Sai allo ya yi fari, shiii. Nan marigayin yake yin shiru kowane mako, nan kuma musu yake tashi. Malam Muntaka yana cewa dogon zai bi ɗan'uwansa, ko da kuwa zai faɗi sau goma a hanya. Malam Abduljalil, don tsokana, yana cewa wannan fuskar ba ta mai bin kowa ba ce, gida zai nufa. A kan haka ake shan kofin ƙarshe. Tun suna da baƙin gashi suka yi alkawari, hannu cikin hannu, Hajiya Indo shaida, cewa duk wanda Allah ya haɗa da ƙarshen fim ɗin nan ba zai kalla ba sai ɗayan yana gefensa.

Malam Muntaka ya riƙe nasa. Akwai ranar da aiki ya hau da shi wani jirgi, ya wuce ɗakin cin abincin ma'aikatan jirgin, ya hango kamar hular kwanon Turmi a talabijin ɗinsu. Bai tsaya ya tabbatar ba. Ya juya baya ya sauka, ya ce wa shugabansa kansa ne ke ciwo.

Jinyar marigayin ta fara a hankali. Laimar teku ba ta barin ƙarfe, balle zaren kaset. Farin layi ya soma ratsa fuskar Taɓarya, ƙahon ya riƙa shaƙewa a tsakiya. Wata Juma'a inji ya tauna shi. Malam Muntaka ya kwance shi a kan faranti, ya yanke inda ya tauye, ya haɗa bakin da salatif, ya naɗe da wutsiyar cokali. Ya tashi, amma ya bar wani yanki nasa a farantin. Tun daga ranar ana ganin Turmi a bakin rijiya, sai kawai a gan shi a jiƙe. Aka ci gaba da lallaɓa shi haka, ana ajiye shi kusa da na'urar sanyaya ɗaki, ana goge masa fumfuna da auduga.

Farkon bazarar nan ne Malam Abduljalil ya kawo shawara.

"Kurtu, wannan ba zai kai baɗi ba," in ji shi. "Ba ni shi in kai wa Majid a Bab Makka, ya juye mana shi cikin filas ɗin kwamfuta. Kwana biyu, halas, an gama."

Majid ɗan maƙwabcinsu ne na tsohuwar unguwa, yanzu magidanci, mai shagon gyaran waya da talabijin. Malam Muntaka bai so ba. Marigayin bai taɓa barin gidan ba sai a hannunsa. Amma wanda ya nema ba baƙo ba ne. Ya naɗe shi cikin tawul ɗin nan, ya rako shi har bakin mota.

"Kofur, ka san ba ya son zafi."

"A kaina yake, Kurtu. Koma ciki."

Wannan ne ganin ƙarshe da mai shi ya yi masa da rai.

Kwana biyu suka zama makonni. Yau a ce Majid ya tafi umra, gobe a ce injin juyawa ya lalace ana jiran wani daga waje. Malam Abduljalil ya riƙa zuwa Juma'a a tsaitsaye, ya ajiye tamis, ya sha rabin kofi, ya ce ƙafa na damunsa. Daga baya ya koma aiko gaisuwa ta waya. Malam Muntaka yana zaune gaban allo baƙi, yana ba kansa haƙuri, yana cewa tsufa ne. Hajiya Indo ce ta gaji da ganinsa haka, ta ce Bab Makka dai ba Madina ba ce, ya tashi ya je da ƙafarsa.

Ya tarar da Majid a shago, kansa a sunkuye kan wata waya da aka farke.

"Wane kaset, ya Ammi?" in ji Majid bayan sun gaisa, yana kiransa baffa da Larabci. "Ammi Abduljalil bai kawo mini kaset ba. Rabona da shi tun kafin hajjin bara, da ya zo da hoton da ya ɗauka a allon talabijin ɗinku. Na nemo masa fim ɗin na sa masa a jawwal, a wayarsa ta hannu, cikakke, har da fassarar Larabci. Mu ma nan layin duk mun kalla. Wallahi ƙarshen nan, inda dogon ya…"

Malam Muntaka ya ɗaga hannu. Majid ya haɗiye sauran. Ya jawo masa kujera, ya aika a kawo ruwa, bai san irin asirin da ya tona ba.

A kan kujerar nan mai makoki ya zauna yana tuna Juma'o'in da suka shige tun hajjin bara. Malam Abduljalil ya hawo matakalarsa, ya ci ya sha, allo ya yi fari, ya gyara zama ya yi musu kamar kullum, har da buga cinya, alhali amsar tana cikin aljihunsa. Ya tuna ranar da ya ce kuku yana tuƙa tuwo da bindiga, Malam Abduljalil ya ce "ai ba haka ya ce ba," sannan ya yi tari ya nemi ruwa. A lokacin ya ɗauka shaƙewa ce.

Daga shagon bai koma gida ba. Ya nufi inda Malam Abduljalil yake zaune yanzu. Motar tana ƙasan bene, a filin da babu inuwa. Tun kafin ya ƙarasa ya hango tawul ɗinsa ta gilashin gaba, rana ta cinye masa launi. Ya kira mai motar a waya ya ce ya sauko da makulli.

Waɗanda suka san marigayin da kyawun siffa su yi haƙuri da wannan bayani. Ya lanƙwashe kamar gurasar da aka manta a tanda. Tagar da ake leƙa zare ta narke ta rufe. Zaren ya dunƙule ya zama abu ɗaya, baƙi, mai danƙo. Wurin salatif ɗin ne kawai mai shi ya iya ganewa.

"Mantuwa ce, Kurtu," in ji Malam Abduljalil. "Wallahi mantuwa ce. Da na tuna ya riga ya narke, na rasa bakin da zan faɗa maka."

"Ba wannan na zo tambaya ba. Ka ga ƙarshen?"

Malam Abduljalil ya dubi makullin da ke hannunsa.

"Na gani. Lokacin da likita ya ce za a yi mini aikin zuciya. Na ji tsoro in tafi ban sani ba."

"Ni na zauna a ƙofar ɗakin aikin har aka fito da kai. Da ka faɗa mini, da na jawo kujera bakin gadonka. Jawwal ai mutum biyu suna iya leƙawa."

"Ka yi haƙuri. Ga shi nan, yalla, mu hau sama mu kalla yanzu. Ya fi na kaset haske. Har ka ji abin da suke faɗa na gaskiya."

Malam Muntaka ya jawo tawul ɗin. Sannan ya naɗe gawar, ya rungume ta a ƙirji.

"Malam Abduljalil, a gaida gida," in ji shi.

Mai makoki yana so jama'a su fahimce shi, don ya ji ana cewa ya yanke zumuncin shekara da shekaru a kan roba. Ba ya riƙe kowa da mantuwa. Shi ma yana manta inda ya ajiye tabarau. Ba ya ma riƙe mutum da tsoron mutuwa, don ya ga fuskar abokin nasa ranar da za a shiga da shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne zaman da aka yi da shi bayan nan, ana barinsa yana rantsuwa cewa dogon zai bi ɗan'uwansa, ana kallonsa yadda ake kallon yaro. Kuma ya gane dalilin mantuwar. Kaset ɗin ya daina yi wa mutumin amfani tun bara, shi ya sa ya iya rufe mota ya hau bene ya bar shi a rana.

Marigayin ya rasu ya bar injin bidiyo, abokin zamansa, wanda tun ranar bakinsa yake a buɗe ba ya karɓar komai. Ya bar talabijin mai ƙatuwar ƙeya, da rimot ɗin da aka ɗaure wa ciki da kyauro, da wayoyi uku 'yan uwa ɗaya, ja da fara da rawaya, suna reto a bayan tebur. Ya bar Hajiya Indo, wadda ta san shi da kunne fiye da ido, kuma ta yarda cewa Juma'a ta yi mata tsawo. Ya bar Malam Muntaka da rabin hira a baki, don maganganun Turmi duk amsoshi ne, ba sa tashi sai an yi tambaya. Ya kuma bar Turmi cikin ganga, a tsakiyar gangare, inda mai gidan ya yanke shawarar barinsa. Sunan Malam Abduljalil ba ya cikin magada.

Ana godiya ga waɗanda suka yi yunƙurin turo fim ɗin ta waya. An goge ba a buɗe ba. Ana roƙon kada a sake.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a gidan mai makoki. Babu salla, babu makara. Za a bar marigayin cikin tawul ɗinsa, a sa shi a gwangwanin dabinon Madina da Hajiya Indo ta wanke, a ɗora saman wadirob inda rana ba ta kaiwa. Bayan nan za a zauna karɓar gaisuwa har magariba, akwai shayi da sambusa. Masu zuwa su bar jawwal ɗinsu a aljihu. Duk wanda ya san abin da ya faru a ƙasan tudun nan, musamman mutanen layin Majid, ya yi ta'aziyyarsa a taƙaice, kada ya yi murmushi, kada kuma ya yi fuskar tausayi, don mai gida yana karanta fuska.

Malam Abduljalil ya aiko ta bakin Hajiya Indo cewa yana so ya halarta. Ita ma ta sa baki, ta ce girma ya zo, abokai ba ƙaruwa suke yi ba. Mai makoki ya saurare ta har ta gama, ya ce ba a hana kowa ta'aziyya. In ya zo za a miƙe tsaye a tarbe shi, a ba shi kujera mafi kyau a ɗakin, a zuba masa shayi a finjalin da ake ajiyewa cikin kabad, a tambaye shi jiki da iyali. In ya tashi tafiya mai gida zai raka shi har bakin matakala, ya yi masa godiyar zuwa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo.